Ni Na Yi Jinyar Balkisu a Ɗakin Yara

Assalamu alaikum. Kun daɗe ba ku ga hoton albasa a shafin nan ba, har wasu na tambaya ko na bar noma. Ban bari ba, jinya na yi.

Ɗiyata Balkisu, 'yar aji biyu, ta yi ciwon maƙogwaro lokacin dashe. Muka ba ta zuma da citta, ya wuce. Bayan 'yan makonni sai ciwon gwiwa, ƙafa ta kumbura har takalmin makaranta ya ƙi shiga. In ta taka kaɗan sai haki.

Daga nan Wurno aka tura mu Sakkwato. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙirji, aka duba zuciyar a na'ura. Likita ya ce ciwon maƙogwaron ne ya taɓa wata ƙofa a zuciyarta, jini na komawa baya. Aka ba mu gado a ɗakin yara.

Uwarta tana jego, Innata kuma ciwon ƙafa ya hana ta tafiya. Jinya ta faɗo kaina, namiji ɗaya cikin mata.

Ranar farko na tsaya bakin ƙofa da tabarmata, kunya ta hana ni shiga. Wata nas, Sista Rabi, ta dube ni ta ce, "Malam, mi kake jira? Ɗiyarka ce, shigo."

Ita ta koya mani komi. In jera ma Balkisu matasai ta kwanta a jingine, don in ta miƙe numfashi na sarƙewa. In tara fitsarinta a auna. In danna ƙafarta da yatsa in ga ko wurin ya lotsa. Abinci kaɗan-kaɗan, ba gishiri. Kullum da safe a ɗora ta kan sikeli.

Da aka kawo robar iska Balkisu ta yi ta fizgewa tana kuka. Sista ta samo wata ta maƙala mani a hanci. Yarinya ta kalle ni ta yi dariya, ta bari aka sa mata.

Wata tsohuwa 'yar Goronyo mai jinyar jikanta ta ga yadda na dagula ma Balkisu kitso, ta ce in matsa. Tun daga ranar ita ke kitson, ni nake bi masu layin magani.

Albasar tun tana gona na sayar da rabinta, ragon gida ma ya tafi. Ƙanena Sani ya riƙe ban ruwa.

Sannu a hankali kumburi ya saɓe. Wata safiya Balkisu ta ture kwano ta ce miyar lami ce. Sista ta ce, "Tunda ta fara tsegumi, sauƙi ya zo."

Yanzu muna gida, ta koma makaranta. Akwai allura duk wata, kuma likita ya ce wataƙila a yi aiki in ta girma, amma ba yanzu ba. Alhamdu lillahi.

Sista Rabi da abokan aikinta, Allah ya saka maku da alheri. Matan ɗakin nan, na gode.

Iyaye, in yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ku kai shi asibiti, kuma ya shanye maganin duka ko da ya warke. In jinjiri na gumi da haki wajen shan nono, a duba zuciyarsa.

Jibi ranar allura ce. Ta riga ta kafa mani sharaɗi: a dawowa sai mun tsaya Achida ta zaɓi rakenta da kanta.