Ɗakin da Ya Hana Ni Aikin Tafinta

Shekara biyu ko uku da tafiyar Nasara aka kawo mana sabon kumandan mai mulkin yanki a Dogon Dutsi, baƙi kamar mu, amma ya sha ruwan Faransa har ya ƙoshi. Tafinta yake nema a bironsa, wato ofishinsa. Mu biyu muka fito: ni da gona ta cire daga lakwal, makarantar boko, ban gama ba, da wani ɗan Matankari mai satifika. Kumandan ya ce ba jarrabawar takarda zai yi mana ba. Akwai silimar da yake ƙauna, ta wani Bature mai ɗaukar manyan littattafai yana mai da su hoto. Zai nuna wa dattawan gari, kowannenmu ya fassara rabi. Ya ba mu littafin da aka ɗauko silimar daga ciki mu karanta, kaurinsa kamar tubali. Na yi ta kokawa da shi, ban wuce inda aka binne mijin matar da labarin ke kanta ba.

Da la'asar aka toshe tagogin wani aji na mishan da tabarmi. Ga zafi, ga warin man inji, ga dattawa bisa bencin yara, gwiwa a ƙirji. Abokin takarata ya yi rabin farko, kuma ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Mutanen hoton suna ta surutu, shi yana bin su.

Aka sa faifai na biyu, na tsaya gefen farin ƙyalle, sai magana ta ɗauke. Matar ta shiga ɗakin mijinta. Ban taɓa ganin ɗaki irinsa ba. Baturen nan bai bar ko tafin hannu fanko ba: agogo bisa agogo, labule bayan labule, riguna a rataye kamar masu su na ciki, madubi na kallon madubi har matar ta zama taron mata. Haske ya shigo ta tsaga guda ya faɗa kan kujerar da aka jibge da takalma. Ta kewaya, ta kewaya, ba ta sami inda za ta zauna ba. Na saki baki, na manta abin da ya kawo ni.

A wurinmu tafinta ba ya shiru gaban manya. In ya yi, to an faɗi abin da ba ya so su ji, kuma sun sha irin wannan a zamanin Nasara. Na ji tari, na ji sanda na bugun ƙasa. Wani tsohon maigari ya juyo.

"Kai ɗan nan, mi sunka ce?"

"Ba su ce komi ba, Baba."

"To mi kake ɓoye muna?"

Kumandan na bakin ƙofa, hannu a ƙugu, ni yake kallo, ba hoton ba. Na san abin da yake jira: tunanin da littafi ya ce matar na yi a nan. Ni ko ban kai shafin ba. Abin da ke bisa ƙyalle kaɗai ke hannuna. Sai na ce takaba take yi, kayan mamaci sun cika ɗaki, ba a raba gado ba, ba ta da ikon taɓa ko cokali, ba ta da ikon fita. Na ga uwata cikin wannan hali da idona. Sanda ta daina bugu. Tsohon ya ce Allah shi ba ta haƙuri, aka amsa da amin, wasu har da shafa fuska.

Washegari kumandan ya kira ni biro, bai ce in zauna ba. Ya ce a littafi murna matar take yi, tana duba abin da za ta sayar, na sa dattawa sun yi wa macuciya addu'a.

"Ranka shi daɗe, in murna Baturen ke nufi, don mi ya hana mata wurin zama?"

Ya ce tafinta yake nema, ba mai gardama ba.

Ɗan Matankari aka ba aikin. Yanzu yana Yamai, da mota da tumbi, ni kuwa damina ta same ni riƙe da hauya. Bara ya zo gaisuwar mutuwa, muka haɗu, na tambaye shi ko ya tuna madubin ɗakin nan. Ya ce wane ɗaki.