Makon da Malam Ya Raina Miyata

Ni ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari. Ajin yaƙi da jahilci ne, a nan Ƙofar Marusa, bayan soja sun koma bariki an fara zaɓe. Da girmana na koyi rubuta sunana, kuma tunda sai da na sha wuya kafin in san lamba, ba na barin lamba ta wuce ni a banza. Ta jikin mota, ta ƙofar gida, ta buhun shinkafa, duk sai na karanta, da ƙarfi kuma, ko wa ke wurin.

Shi ya sa da korona ta zo aka kulle gari, na samu abin yi. Duk ƙarshen mako rediyo na karanto jimillar makon: waɗanda suka kamu, waɗanda ke kwance a asibiti, da waɗanda suka rasu. Sai in ɗauki gawayi in rubuta a bangon madafa, layi uku, na wannan mako kusa da na wancan. Ba wanda ya sa ni. So nake in gani da idona, abin nan hawa yake ko sauka.

Maigidana tela ne, tsoho kamar ni, mu biyu kaɗai muka rage a gidan. Da aka hana buɗe shago sai ya dawo da kekensa zaure, yana ɗinka takunkumin fuska da ƙyallayen atamfa yana sayarwa. Shi kansa ba ya sawa. Bai yarda da cutar ba, ya dai yarda da cinikin.

"Sannu ministar lafiya," in ji shi in ya leƙo ya ga bangon. "Yau nawa suka ce?"

In faɗa mishi.

"Wa ya ƙirga?"

"Ma'aikata mana."

"Yo waɗanda ke ƙirga mana ƙuri'a ba ma'aikata ba ne? A akwatinmu ni da idona na ga mutanen da suka fito, da aka karanto sakamako har da waɗanda muka yi wa jana'iza bara sun jefa. Ki nuna min mutum guda mai korona, in gaisa da shi."

Na ce Allah kada ya nuna mishi. Ya ce amin, ya koma kan kekensa.

Abin ya faro ne daga miya. Wata rana na yi tuwon dawa da miyar kuka, irin wadda yake ci tun ina amarya, ya kai loma guda ya ajiye hannu.

"Gishiri ya ƙare a garin ne?"

Na ɗanɗana. Gishiri daidai. Na ƙyale shi, don ya ɗan kwana biyu yana fama da abin da ya kira mura. Washegari ya ce ba daddawa. Na ƙara daddawa har maƙwabciyata ta yi magana ta kan katanga, ta ce ko sana'ar daddawa na koma. Ya ci, ya ce kamar ruwan wanke kwano. Ni kuwa a duniya ka zage ni ta ko'ina zan iya haƙura, ban da tukunyata. Rana ta gaba na daka barkono da attarugu, na zuba har ni mai girkin sai da na fita tsakar gida ina tari, kaji suka bar wajen. Na kai mishi, na tsaya a kansa ina jira ya nemi ruwa ya ba ni haƙuri.

Ya cinye malmala guda, gumi na zubo mishi, hanci na yoyo, ko ruwa bai nema ba. Da ya gama ya ce, "Ke dai hannunki ya mutu. Tsufa ne."

A nan ya kamata in gane, don na sha ji a rediyo cewa cutar na ɗauke ƙanshi da ɗanɗano. Amma fushi ya rufe min kai. Ai mutum ba ya kawo wa gidansa abin da yake rubutawa a bango.

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗauki waya ya kira yayarsa da ke Ƙofar Guga, ya ce ta aiko mishi da miya, wai an bar shi da yunwa. Duk macen da ta san aure ta san girman wannan cin fuska. Ita kuwa Yaya ba aike ta yi ba, da kanta ta taso. Ta biyo lungu lungu don kada masu tsaron kulle su tare ta, tsohuwa mai ciwon suga, da langar miya a hannu. Tun daga zaure na jiyo muryarta.

"Ina matar gidan? An ce ƙanena na ramewa."

Na fito na tare ƙofa. Na ce, "Yaya, sannu da zuwa, ya hanya, ya jikin? Nan za ki tsaya."

"Gidan ƙanena za ki hana ni shiga?"

"Tari yake. Ke kuma ba lafiya ce ta ishe ki ba. Miƙo langar."

Ta ce boko ne ya lalata ni, da can ina da kunya. Na ce da can ma ban da ita, rubutu ne kawai ban iya ba. Na shiga na ɗebo mata miyata daga tukunya a wankakken kwano, na ce ta ɗanɗana abin da aka ce ba shi da daɗi, ta yi mana shari'a. Ta lakata ta kai baki. Wallahi sai da ta dafa bango. Idonta ya yi ja, ta rasa numfashi, tana nuna randa da hannu.

"Wannan ai ba miya ba ce, azaba ce! Kashe shi za ki yi?"

"Ya cinye malmala da ita, ko ruwa bai nema ba."

Ta sha ruwa ta ƙara. Na kai mishi tata miyar har ɗaki, ta kuɓewa ce, ta sha man shanu, gaskiya ko ni ƙanshinta ya buge ni. Ya ci. Yaya ta ɗaga murya daga zaure.

"To, mi ka ji?"

Ta ƙara ɗaga murya.

"Da kai nake. Ka ji miya ko?"

Can muka ji muryarsa a sanyaye. "Yaya, ke ma kin manta daddawa."

Muka kalli juna ni da ita. Tunda na shigo danginsu ba mu taɓa yarda a kan abu guda ba sai ranar. Sai dai ita ta ce iska ce ta shafe shi, a samo hayaƙi. Na ce a yi hayaƙin, ba na hanawa, amma mutumin da ba ya jin daddawa ban ga yadda zai ji hayaƙi ba. Na sallame ta, na ce kada ta shiga gidan kowa a hanya.

Daga nan wasa ya ƙare. Zazzaɓi ya ƙi sauka. Daga ɗaki zuwa bayi sai ya tsaya ya huta. Ran da na gan shi yana sallar azahar a zaune, mutumin da ke yi wa sa'o'insa dariya in sun nemi kujera a masallaci, na jira ya sallame, na zauna bakin ƙofa na ce asibiti za shi.

"Ba inda za ni. Mura ce."

"Mura ce ta zaunar da kai?"

"So kike a karanta ni a rediyo, ki samu na rubutawa."

"Ba sa faɗin suna, Malam. Lamba kawai suke faɗi."

"To ni ba lamba ba ne." Ya yi tari mai tsawo, sannan ya faɗi abin da ke ransa. "Wanda ya tahi can, in ta Allah ta kasance, an ce ko gawarsa ba a ba iyali. A leda ake naɗe mutum. Ni a ɗakina nake so, a yi min wanka, jama'a su sallace ni."

Ban yi dariya ba, don ni ma na ji ana faɗin haka, kuma ban san iyakar gaskiyarsa ba. Amma na lura duk maganarsa ta jana'iza ce, kamar an riga an gama.

Na ce, "Saurara. Layi uku ne a bangon can. Na sama ka riga ka shiga, ko an ƙirga ka ko ba a ƙirga ba. Saura biyu. Na tsakiya da ƙafa ake shiga, kuma ana fitowa, na ga yana ragewa. Na ƙasa ba a fitowa. Zaɓi guda yanzu, don ni ban shirya takaba ba, kuma in ka ƙi zan kira su ne su zo da fararen kayan nan su ɗauke ka a gaban 'yan majalisarku."

Ya daɗe yana kallona. Ya san zan yi.

Sai ya koma ciniki, kamar mai sayen yadi. Mota ba za ta shigo lungu ba. Ba jiniya. Ba mai farin kaya da zai taka zaurensa. Da ƙafarsa zai fita kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na kira lambar da ake ta faɗi a rediyo, na yi bayani, wata mata mai haƙuri ta ce to, motar za ta tsaya a bakin titi.

Ya sa babbar rigarsa ta salla, ya kafa hula, ya juye kusan rabin kwalbar turare a jikinsa yana cewa turaren yanzu duk ruwa ne. Na miƙa mishi takunkumi daga cikin tarin da ke zaure. Ya ɗaura, igiyar ta ja mishi kunne har ya lanƙwashe.

"Wane mugun ne ya ɗinka wanga abu?"

"Kai ne."

Muka fita, yana tafiya a hankali, yana ɗaga wa mutane hannu. Wani ya ce, "Malam, ina zuwa haka cikin kulle?" Ya ce, "Nan kusa." Da ƙyar muka kai titi. Ya shiga motar da mutuncinsa, aka rufe ƙofa, na ce alhamdulillahi an rabu lafiya. Direban na tayar da mota ya saki jiniya, wadda har Batagarawa ina jin an ji ta. Duk unguwa aka fito.

Gwaji ya nuna ita ce. Ni ma aka zo aka zura min tsinke a hanci har sai da na tuna kakata, aka ce in zauna a gida kada in fita. Yaya ma aka je mata, ta kira ni ta zage ni tas, sannan ta tambayi jikin ƙanenta tana kuka. Mu biyun ba a same mu da komai ba. Maƙwabta suka riƙa gaishe ni ta kan katanga, mai kawo ruwa ya riƙa ajiye jarka a waje ya ruga.

Kwanakin farko yana kirana ya yi ƙorafi, a kan gado, a kan allura, a kan wani maƙwabcin gadonsa mai minshari. Sai kiran ya tsaya. In na kira, wata ma'aikaciyar jinya ke ɗauka, ta ce an sa mishi iskar taimakon numfashi, ba ya iya magana, a yi ta addu'a. Ƙarshen makon ya zo, rediyo ya karanto lambobinsa da muryar nan tasa ta kullum, kamar mai faɗin farashin gero. Na rubuta ta sama. Na rubuta ta tsakiya, na san yana ciki. Da na zo ta ƙasa gawayin ya karye a hannuna. Na ɗauki wani na rubuta, na tsaya ina kallonta. A da in na rubuta sai in ce ta hau ko ta sauka, in koma kan tukunya. Ranar na kasa barin wurin, ina tunanin kowane ɗaya a ciki akwai wadda ke tsaye a madafarta kamar ni.

Bayan kwanaki waya ta yi ƙara, na ga lambarsa, na ɗauka. Muryarsa ce, ƙarama kamar ta wanda ke cikin rijiya.

"Kin ji rediyo ran nan?"

"Na ji, Malam. Ya jikin?"

"Mai karanta lambobin nan ba shi da tarbiyya. Ya karanta mu ya wuce, ko Allah shi ba su lafiya bai ce ba."

Na zauna a ƙasa ina dariya ina share hawaye. Na ce in ya fito sai ya je ya koya mishi.

Ran da aka sallame shi na ɗauko shi a kurkura, keken nan mai ƙafa uku. Babbar rigar ta yi mishi yawa, kamar ta aro. Mai keken ya ajiye mu a bakin lungu. Dattawan majalisa na zaune a gindin bango, kowa ya miƙe, ba wanda ya matso, suna ta sannu daga nesa. Ya taka kaɗan ya tsaya. Na ga ba zai kai gida shi kaɗai ba.

Tunda aka kawo ni gidansa ba mu taɓa jerawa a titi ba, shi a gaba ne ni a baya. Na matso na tsaya daidai da shi. Ya kalli dattawan, ya kalli ƙofar gidanmu da ke can ƙarshen lungu, sannan ya ɗora hannunsa a kafaɗata, da nauyinsa duka.

"Kada ki gaya wa Yaya," ya ce ƙasa ƙasa.

"Malam, unguwa ce gaba ɗaya ke kallo."

"To rage sauri."

Na rage, muka tafi a haka har zaure.