Allurar da Ta Tashi Cinyar Dogon Zango

Ɗan kawuna, wanda ake kira Dogon Zango, shekara talatin yana jan babbar mota. Bai yarda da bakin mutum ba. Abin da allurar gaban sitiyari ta faɗa, shi ne gaskiya. Ko matarsa ta ce jikinsa da zafi, sai an kawo ma'auni.

Bara ya zamo daga saman kaya, aka yi masa aiki a gwiwar hagu, wato ƙafar kuloci. Kafin ya tashi daga jinya cinyar ta tsotse, ta koma kamar muciya. Mai motar ya ce zai jira shi wata uku. In ƙafar ba ta taka kuloci ba, mukulli ya koma hannun wani.

Ni nake kai shi wurin likitar gashin ƙashi. Ta ce ya miƙe ƙafa ya ɗaure cinya. Ya cije leɓe, jijiyoyin wuya suka yi ruɗu-ruɗu.

"Baba, fuska ce ke aiki, cinya tana hutu," in ji ta.

"'Yata, ina matsawa fa."

Na ce, "Da da fuska ake taka kuloci, da yau ka yi lodi."

Sai ta manna masa wasu 'yan faifai a cinyar, ta jona wayarsu da kwamfuta. Ta ce duk sa'ad da naman wurin ya motsa, allurar da ke kan allo za ta tashi. Mutuminka na ganin allura ya gyara zama. Ya danna, ya sake dannawa, allura ko gezau. Muka duba, ashe ƙafar dama ce ke ta danna ƙarfen gado.

"To ai da ta totur ake tada allura," in ji shi, ko kunya babu.

Likita ta sa na zauna a kan ƙafar daman. Ya zuba wa allo ido, ya yi ta lalube. Can sai allura ta yi rawa. Ya sake, ta ɗaga kaɗan. Ya sauke numfashi.

"Ashe injin bai mutu ba, waya ce ta saki."

Daga ranar, kullum sai ya wuce inda ya tsaya jiya, yana yi wa allura faɗa.

Saura kwana shida wa'adi ya cika muka je gareji. Ya hau motar, na hau gefensa. Ya taka kuloci har ƙasa, giya ta shiga ba ƙara. Ya shafa cinyar, sannan ya dube ni.

"Sauka. Ƙafar dama har yau ba ta yafe maka ba."