Babakura da Dokin Manga

Gyaran injin ban-ruwa ne sana'ar Babakura Zarami, kuma rumfarsa tana bakin hanyar da ta fita daga Nguru zuwa Gashuwa. Amma in ka shiga gari ka ce a kai ka wurin mai gyaran inji, sai an tambaye ka wanne. In ka ce mai doki mai rawa, ko ɗan acaɓa ba zai sake tambaya ba.

Ta wajen uwa ya gaji doki. Yana saurayi ya yi shekara uku a Yusufari wurin kawunsa Ba Ibram, wanda ke kiwon dawakin Manga. Gajeru ne, masu siraran ƙafafu da faɗin ƙirji, ba sa nutsewa a yashi, kuma sai su wuni suna tafiya ba su nemi ruwa ba. A can ya koyi sa doki ya taka da kiɗa. Ba Ibram ba ya ɗaukar bulala. Yakan ce, "Bar shi ya ji gangar tukuna. In ka ga yana juya kunne, ya karɓa ke nan."

Da zai dawo gida, kawun ya ba shi goɗiya guda. Ita ce ta haifa masa Duna, baƙin doki wuluk wanda ya yi masa suna. Shekara goma sha ɗaya Duna yana rawa a bikin aure da saukar karatu, daga Nguru har Dagona. Yana ɗaga ƙafafun gaba ɗaya bayan ɗaya, ya yi gefe, ya ja da baya, in kiɗa ya tsaya ya durƙusa ya gai da ango.

Ana haka sai yayi ya canza. Masu hali suka koma sayen manyan dawakin Sudan, dogaye masu cika ido. A wata gasa da 'yan kasuwa suka shirya a Gashuwa, Duna ya yi rawar da mutane suka yi ta sowa, amma aka ba wani ingarma na ɗaya. Ɗaya daga cikin alƙalan ya dafa kafaɗar Babakura ya ce, "Naka ya iya, wallahi. Jiki ne ba shi da shi." Babakura ya yi godiya, ya kwance sirdi, ya ba dokin ruwa.

Abin da ya dame shi daga baya ya zo. A damunar 2016 ciwon ciki ya kashe Duna cikin kwana biyu. Uwar ta riga ta mutu. Abin da ya rage a barga sai ƙanwarsa, wata goɗiya ja mai suna Lalle. Babakura yana son a haɗa ta da namiji irinta, tsantsa, ba mai gauraye ba. Ya koma Yusufari ya tarar 'ya'yan Ba Ibram sun sayar da dawakin bayan rasuwar tsohon, sun sayi babura. Ya yi shekara biyu yana bin kasuwannin dabbobi. Duk wanda aka nuna masa, sai ya ga jinin Sudan a wuyansa ko a tsawon ƙafa.

Matarsa Yagana tana haɗa turaren wuta da humra, kuma rabin masu sayenta ba ta taɓa ganinsu ba, ta WhatsApp suke magana. Wata rana ya dawo daga kasuwa da hantsi, ya zauna bakin tabarma. Ta ajiye masa kunu ta ce, "Baban Mardiyya, kai kana bin doki da ƙafa. Ni turarena har Abuja yake zuwa, ban taɓa fita daga ƙofar gidan nan ba."

"Turare daban, doki daban."

"Masu dokin ba su da waya ne? Kawo nan."

Ta buɗe masa zaure a wayar, ta sa masa suna Zauren Dokin Manga, ta zuba lambobin mutum goma sha ɗaya da ya sani. Shi kuma ya kafa doka uku da bakinsa: ba siyasa, ba talla, kuma duk wanda ya saka hoton doki sai ya faɗi uwarsa da ubansa. Watannin farko ya sha fama. Wani ya turo wa'azi, wani ya turo hoton motar sayarwa. Ya cire mutum shida, ciki har da surukinsa, abin da ya jawo masa gaba ta wata guda. Sannu a hankali masu abin suka fara shigowa, daga Machina, daga Gaidam, har daga tsallaken iyaka a Nijar. Yawancinsu ba sa rubutu, murya suke turowa, wani da Barbarci, wani da Hausa, wani da Fillanci, a samu mai fassarawa.

A shekara ta biyu wani manomi a Katuzu mai suna Rabe ya turo bidiyo. Ba nuna doki yake yi ba, magani yake tambaya: dokin da ke ja masa amalanken albasa ya yi gyambo a gadon baya. Babakura ya kalli bidiyon sau huɗu, kuma ba gyambon yake kallo ba. Kashegari ya rufe rumfa, ya shiga mota zuwa Gashuwa, daga can ya hau babur.

Ya samu Rabe a fadama. Bayan gaisuwa ya zagaya dokin, ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya shafa ƙirji. Rabe ya tsuke fuska.

"Malam, in saye ka zo, ba na sayarwa. Shi ne ƙafata."

"Ba saye na zo ba. Zan wanke masa ciwon nan, ka hutar da shi mako uku. In ya warke in kawo goɗiyata. Ina ka samo shi?"

"Wurin wani Bafulatani, a kasuwa. Ban tambayi asali ba."

Haka aka yi. Da labari ya shiga zaure, Malam Abdussalam, wani malamin makaranta a Gashuwa, ya turo murya. "Yaya Babakura, kai ka ce sai an san uwa da uba. Ka cire mutane a kan dokar nan. Wannan dokin ɗan wa ne?"

Babakura ya saurari muryar. Abin ya yi masa zafi, don ya san gaskiya aka faɗa. Da la'asar ya turo tasa: "Malam ya yi daidai. Idona ya ce mini na Manga ne, amma idona ba shaida ba ne. Duk abin da Lalle ta haifa, a rubuta cewa ba a san asalin ubansa ba." Daga nan zauren ya yanke shawarar cewa dokin da ba a san iyayensa ba, dattawa uku daga garuruwa daban-daban za su je su duba shi. Biyu suka yarda da dokin Rabe, na ukun ya ce yana da shakka a kan kunnuwan. Aka rubuta hakan yadda yake.

Lalle ta haifi mace a karon farko. A na biyu ta haifi namiji ja, Babakura ya sa masa suna Katuzu. Kafin ɗan dokin ya isa hawa, ciwon baya ya hana Babakura sirdi. Daga ƙasa ya hore shi, yana riƙe da ragama, makaɗi na zaune a gindin dalbejiya. Malam Abdussalam ne ya fara hawansa a bainar jama'a, a wani biki a Nguru. Rawarsa ba ta kai ta Duna ba, Babakura da kansa yake faɗa, amma yana da natsuwa kuma ba ya tsoron guɗa.

Yanzu zauren ya haura mutum ɗari huɗu, dawakin da aka rubuta asalinsu ɗari da talatin da bakwai. Duk bayan girbi sukan haɗu a bakin kogi a Gashuwa. Bara doki ashirin da uku suka zo, bana ana sa ran za su fi haka. Babakura ya miƙa wa Malam Abdussalam riƙon zauren, shi dai in an yi gardama a kan doki ake kiransa. Kwanan nan yana ƙara rumfa a bayan gida, don wani mutumin Machina zai kawo goɗiya ranar Laraba, za ta yi wata guda a wurinsa, a haɗa ta da Katuzu.