Zaren Awon Maƙoƙo

Har yau in na tuna mutumin nan sai raina ya ɓaci. A shekarun da ruwan kanal ya wadaci gonakinmu a Bunkure, muna ta murnar tumatir, maƙoƙo ya fito wa mahaifiyata. Da fari kamar goro, a hankali ya fi ƙwan agwagwa. Kumburin bai dame ni kamar numfashinta ba, don in ta kishingiɗa da ƙyar take jan iska.

Duk ranar kasuwar Kura wani mai magani yakan biyo ta gidanmu a keke, da buhun saiwoyi da sassaƙe. Ya ba ta na jiƙo, ya ba ta na shafawa da man shanu. Hujjarsa ɗaya ce, zare. Sai ya zagaya wuyanta da shi, ya ƙulla alama, ya gwada da na wancan makon.

"Kin gani, Inna? Ya ragu. Cuta ba ta jayayya da itace."

Yo ba dole ya ragu ba, tunda kullum ƙara ɗame zaren yake yi har sai ta yi tari? Na ce a tafi asibiti, kawunnaina suka ce boko ke ɗibata, wai can yanka mutum ake yi kamar rago. Haka muka ci rani biyu ana awon ƙarya.

Sai da tuwo ya daina wucewa muka sa ta a akori-kurar tumatir zuwa Kano. Na nuna wa likita saiwoyin. Ya ce bai san wanda ya taɓa gwada su ya tabbatar suna rage maƙoƙo ba, kuma da mun zo da wuri, wataƙila da ba a kai ga wuƙa ba. Aka yi aiki, ta rayu, amma murya ta tafi, sai raɗa.

Da ta ji sauƙi na raka ta kasuwa. Mai maganin na tsakiyar taro, ya hango ta.

"Jama'a, ga shaida da ƙafarta. Ku dubi wuyan nan, ya baje. Aikina ne."

Na zaburo zan ƙaryata shi, wani dattijo ya dafa ni. "Haba samari, bari mai ciwon ta faɗa da bakinta."

Inna ta yi ta motsa leɓe, ba wanda ya ji. Wata mata ta kutsa gaba, ta miƙa wa mai maganin wuyan 'yarta.