Ɗantani Tela da Jinin da Aka Ƙi Karɓa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma ga watan Rajab na shekarar 1378, ina ɗaure buhunan albasa a Shagari wani direba ya tsaya ya ce mini Allah ya karɓi ran Ɗantani Tela na Bodinga, bayan ciwon ƙirjin da ya daɗe yana ɓoye mana. Kafin in isa har an kai shi makwancinsa. Ban sami sallarka ba, Ɗantani, abin yana ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mutanen Bodinga za su tuna ka da keken ɗinkinka da bakinka da ba ya hutawa. Kowa ya san in salla ta matso rigunan marayu kake fara ɗinkawa, masu hali su yi ta kumbura. Ni kuwa da wautarka guda ɗaya zan tuna ka, don ban taɓa ganin wauta mai kyanta ba.

Bara waccan matata Rahamatu, taubashiyarka da kake tsokana da suna baiwarka, ta haihu jini ya ƙi tsayawa. Muka ɗauke ta a mota zuwa asibiti a Sakkwato. Likita Bature ya faɗa ta bakin tafinta cewa in ba a ƙara mata jini a ranar ba, sai dai haƙuri. Na miƙa hannu, aka ce zazzaɓi na jikina, ciwo zan ƙara mata. Kawunta ya miƙa, aka ce ya tsufa. Ƙanena aka ga sauran shawara a idonsa, aka ce ya koma gefe. Sauran dangi kuwa sun ji ana cewa Turawa na kwashe ƙarfin namiji a kwalba, nan take kowa ya tuna bai yi azahar ba.

Na aika maka da direban da ya kawo mu, ka bar ɗinki a bakin allura ka taso. To amma sai ka ce ba za ka kai wa baiwarka gurɓataccen jini ba. Ka biya wurin Na'Allah wanzami ya kafa maka ƙaho, wai a fitar da mataccen jini, tatacce ya rage mata. Ka iso kana fara'a.

Malamin asibiti ya sa ka tuɓe riga, ya ga tsaga ɗanya jere a bayanka. Ya ja fatar idonka, ya girgiza kai.

Ka ce, "Malam, mi ya hana? Wallahi na tace shi!"

Ya ce, "Jini ɗaya ne, Malam Ɗantani. Wanda ka zubar a ƙaho shi muke nema. In na ƙara ɗiba, majinyata biyu zan kwantar. Kuma ban san bayan wa askar wanzamin nan ta taɓa kafin naka ba."

A lokacin na ji haushin malamin nan kamar in shaƙe shi. Yanzu da na natsu na gane bai wulaƙanta kowa ba. Ya tsare mai karɓa, ya tsare mai bayarwa, ba ruwansa da kyakkyawar niyya in jiki bai yarda ba.

Da wani ne, da ya sunkuyar da kai ya koma gida. Kai ko riga ba ka mayar ba, ka nufi tashar mota, ka hau kan buhu, ka juya wa jama'a baya kana cewa, "Ku zo ku ga bayan wawa! Na taho ba da jini na ɓarar da shi a hanya. Mace na can za ta mutu. Ina wanda ya fi ni hankali?" Mutane suka yi ta dariya, dattijon tela ba riga a bainar jama'a. Amma da ka sauko, 'yan dako da mahauta suka biyo ka. Su ma an mayar da yawancinsu. A ƙarshe jinin wani ɗan dako mutumin Dingyaɗi ya dace da nata. Ya bayar, ya sha furarsa, ya tafi da ƙafarsa. Rahamatu ta tashi, ga ta nan tana goyon ɗiyarta.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Ɗantani. Ka suturta shi ranar da asirai ke tonuwa, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Hajara da 'ya'yansa da telolin Bodinga baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu zuwan.

Rahamatu ba ta daina kuka ba. Kullum takan ce jininka ke yawo a jikinta, ni kuma in tuna mata cewa na ɗan dako ne. Jiya ta share hawaye ta ce mini, "Maigida, kai ka san wannan. Ni dai wanda ya tuɓe riga a tasha saboda ni na sani."

Ummaru mai albasa, Shagari.