Layuka Uku da Ba Ni Na Rubuta Ba

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba, kuma wallahi ko yau na tuna sai na tashi na zagaya ɗaki. Shekarun baya ne, ina aikin rajistar rigakafin dabbobi tsakanin Tanut da Belbeji, kwamfuta a jaka, ni a kan moto, wato babur.

A gefe ina da wani aikin sa kai. Akwai wata manhaja da masu rubuta manhajoji ke harhaɗa rubutunsu da ita ya zama abin da na'ura za ta gudanar, kuma aikin gayya ce, kowa a duniya yana iya kawo gyaransa, manya su duba, in ya yi a karɓa. Ni kuwa shekara biyu ina aikawa ana dawo mini da shi, ga ni da zuciya. Wannan karon sashen shara na gyara, wato mai goge tarkacen da harhaɗawa ta bari, kuma shugabar aikin, wata baiwar Allah da ban taɓa ganin fuskarta ba, ta ce Juma'a za a rufe karɓa. Na rantse sai sunana ya shiga.

Alhamis ta same ni a wani ƙauye bayan Tenhiya, ba rezo, wato ba sabis ɗin waya da zan aika gyaran da shi. Aka ce sai kan tudu, wajen tsohuwar rijiya. Da tsakar rana na tafi, na haye bakin rijiyar na zauna, ko bisimilla ban yi ba, batir saura kaɗan. Na san ya kamata in sake gwadawa kafin in aika, amma gaggawa ta hana.

Ina cikin haka sai na ji an ce, "Samari, ba a sallama?" Wani tsoho ne tsaye, rawani ya rufe masa baki, da guga a kafaɗa, alhali rijiyar ta ƙafe tun ban zo duniya ba. Ban ji takunsa ba, ga fili fetal ko'ina. Na amsa a gajarce na ci gaba da danne-danne.

Ya ce, "Aikin wa kake?" Na ce, "Na gayya ne, Baba, ba za ka gane ba." Allah Ya yafe mini wannan rashin kunya. Ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya ce rijiyar nan ma gayya ta haƙa ta, kuma yau ba wanda ya san sunan ko mutum ɗaya cikinsu. Sannan ya ce, "Sharar da kake shirin aikawa, in ba a gaya mata inda za ta share ba, har kayan mutane za ta kwashe. Ka dakata."

Ni fa ban ce masa shara ba, kuma allon ma ba ya gani. Duk da haka taurin kai ya sa na danna, gyara ya tafi, kwamfuta ta mutu ɗif. Na ɗago, ba tsoho, ba sawu a rairayi sai nawa.

A hanya ina ta juya maganarsa, can na gane, na taka birki har na kusa faɗuwa. Innalillahi! In mutum ya manta bai ba manhajar sunan wurin da za ta share ba, abin da na rubuta daga tushe zai fara, ya goge duk abin da ke cikin na'urarsa. Aikin mutane na shekaru, da sunana a kai! Ba wuta, ba rezo, taya kuma ta fashe, ban isa Belbeji ba sai Asabar da hantsi.

Na kunna kwamfuta, na shirya ba da haƙuri, sai na tarar da saƙon shugabar, wai an karɓa, tana ta yabona don na gano kuskurena da kaina cikin minti goma. Na duba. Ga gyara na biyu, layuka uku, da sunana, da sa hannuna wanda kalmar sirrinsa a kaina kaɗai take, an aika shi lokacin da kwamfutar ke mace a jakata. Layukan cewa suke, in ba a faɗi wuri ba a tsaya, kada a taɓa komai.

Na gaya mata ba ni ba ne, ta ɗauka wasa nake, daga baya ma suka sa ni cikin masu duba gyaran wasu, wai ina da lura. Na koma ƙauyen na tambaya, mai gari ya dube ni ya ce su dai in za su wuce tudun nan sallama suke yi.

Abin da na nema shekara biyu na samu, amma wallahi ba ya mini daɗi. Sau biyu na sake rubuta layukan da hannuna don in ce nawa ne, harhaɗawa ta ƙi tafiya sai da na mayar da su yadda suke. Suna nan har yau, suna aiki a na'urorin mutanen da ban sani ba.

Don haka ɗan'uwa, ka gwada aikinka kafin ka aika, in kuma za ka zauna inda ba kowa, ka yi sallama. Ni dai duk sanda wani ya yaba mini a kan layukan nan uku, sai in ji kamar akwai mai tsaye a gabana, yana jira ya ji me zan amsa.